Gefen bayan Mustang ta 1967 ya yi tsatsa: faci za a yi ko sauya ƙarfen gaba ɗaya?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a jihar Ohio ta Amurka ya aiko da tambaya. Ya sayi Ford Mustang ƙirar 1967 mai rufaffen sama. Injinta na 390 (lambar da ke nuna girman injin) yana tashi lafiya, amma fentin gefen baya, daidai saman taya da bayanta, ya kumbura ya yi ƙuraje. Wani mai gyara ya ce a kankare wurin, a shafa bodi-fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi, a fesa fenti. Wani kuma ya ce sai an cire gefen gaba ɗaya an sa sabo. Yana so ya san wanda zai bi, da kuma ko zai iya aikin da kansa a garejin gidansa.

Malam, Allah ya sanya alheri a motar. Mai maganar fila kada ka saurare shi ko kaɗan. Mai maganar sauya gefe wataƙila yana da gaskiya, sai dai ya yi gaggawa, domin gefen baya yana cikin abubuwan ƙarshe da za ka taɓa a wannan mota. Inda idonka ya ga tsatsa ba nan aikin yake farawa ba.

Ƙurajen da ka gani a fenti ba daga waje suka taso ba. Motocin shekarun 1960 ba a lulluɓe ƙarfensu duka da zinki kamar na yanzu ba, kuma lungunan ciki da yawa sun bar masana'anta ba tare da wani fenti na kirki ba. Ga shi a Ohio da Michigan da Pennsylvania duk hunturu ana zuba gishiri a titi don ya narkar da ƙanƙara. Taya tana watsa wannan ruwan gishiri da laka cikin leɓen da ke kewaye da ita, inda ƙarfen waje ya haɗu da rumfar taya ta ciki, laka ta zauna a wurin da danshinta wata da watanni. Tsatsa tana ci daga ciki, sai ta huda ƙarfen sannan fenti ya kumbura. Saboda haka duk inda ka ga ƙurji, ka ƙaddara ƙarfen ya riga ya ɓule. Mu da muka koyi aiki a Arewa idonmu bai saba da wannan ba. Tsohuwar Fijo 504 a Kano rana ce take cin fentinta, ƙarfen yana nan. Dalilin da ya sa a Amurka ma motar da ta yi rayuwarta a Arizona ko New Mexico take fin ta Ohio tsada ke nan, ko da shekararsu ɗaya.

Shafa fila a kan irin wannan wuri kamar ɗaure gyambo ne da tsumma ba a wanke shi ba. Fila yana shan danshi ta bayan ramin, ƙarfen da ke kewaye ya ci gaba da ruɓewa, in hunturu ya zagayo ƙurajen su dawo fiye da da, ga kuɗin fenti ya tafi a banza. Maganin nan mai sinadarin fosforik da ake shafawa ya mai da tsatsa baƙa, shi ma aikinsa a kan tsatsar sama ne wadda ba ta ci ƙarfe ba. Wadda ta huda, yankewa ake yi har sai an kai ga ƙarfe mai haske mai cikakken kauri.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da ginin motarka. Pontiac GTO da Chevrolet Chevelle na wancan zamani suna da shasi daban, bodi daban, ana iya kwance bodin a ɗaga shi. Mustang ba haka take ba. An gina ta a kan tsarin Ford Falcon, bodin da shasin abu ɗaya ne da aka haɗa da ɗigon walda. Daɓen ƙasa, dokin ƙofa na kowane ɓangare, sandunan shasi na gaba da na baya, rufin sama, har da gefen bayan nan da kake magana a kai, kowanne yana ɗauke da wani abu na nauyin motar. Idan na ƙasa sun ruɓe motar ta riga ta sunkuya ko da ido bai gani ba. Ka liƙa sabon gefe a kan mota mai sunkuye, ranar da ka gyara ƙasan ta miƙe, ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba.

Don haka kafin ka sayi ko guntun ƙarfe, ka tuɓe motar. Ka cire kujeru da kafet da abin da ke ƙarƙashinsa, ka kwashe duk abin da ke cikin but. Sannan ka yi gwajin da duk mai Mustang ya kamata ya yi tun kafin ya biya kuɗi. Tsakanin bonet da gilashin gaba akwai ragar ƙarfe inda iska take shiga. Ƙarƙashinta akwati ne rufaffe da ake ce wa kawul, a cikinsa akwai bututu biyu masu tsayi, ɗaya dama ɗaya hagu, da suke shigar da iska cikin mota. An yi su da tsayi ne don ruwan sama ya zagaye su ya fita ta magudanar gefe. Ganye da ƙura suna toshe magudanar, ruwa ya kwanta, gindin bututun ya ruɓe. Ka kwanta rigingine a ƙasan motar ta ciki, kanka a ƙarƙashin dashbod, tocila a hannu, wani ya tuttula bokitin ruwa a ragar. Idan ka ga ɗigo yana gangarowa ta bangon gaba ko yana sauka inda ake ajiye ƙafa, ka gano abin da ya cinye daɓen motar. Na sha ganin motar da aka sa wa sabon daɓe mai kyau aka bar kawul yana yoyo. In ka ɗaga sabon kafet ɗin sai ka tarar da shi jiƙe sharkaf, jan ruwa ya kwanta a kan layin waldar. Gyaran kawul babban aiki ne, sai an cire madigadin gaba biyu da gilashi da kayan dashbod, an huda ɗigon walda masu ɗimbin yawa. Amma shi ne ƙofar ruwa, kuma in ba a rufe ta ba sauran aikin duk ɓata lokaci ne.

Bayan wannan ka ɗauki sukundireba mai tsini ka bi ƙasan motar kana sokawa da ƙarfi. Kada ka ji tausayinta, ƙarfe mai lafiya ba ya jin tsoron sukundireba. Ka duba sandunan shasi na gaba, da ƙarƙashin batir inda ruwan batir yake cin ƙarfe, da hasumiyar shokazoba, wato tudun ƙarfen da ke riƙe shokazoba a ɗakin inji, wadda ta saba tsagewa musamman a masu babban inji irin naka. Ka duba akwatin ƙarfen da ke haɗa sandar gaba da dokin ƙofa, bayan tayar gaba. Idan ka ga ɗaya kaɗai, a ɓangaren direba, kada ka firgita, haka Ford ta fitar da rufaffun 1967, kuma masu gyara da yawa sukan ƙara na biyun don ƙarfi. A baya ka duba inda sifirin ya kama sandar shasi, da aljihun nan biyu masu zurfi a gefen but, bayan taya, inda ruwa da ƙasa suke taruwa. Ka bi bodin duka da ƙaramin maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, wani ya riga ka shafa fila a wurin, kuma sau da yawa abin da ke ƙarƙashi ya fi abin da ka gani muni.

Idan ka gama ka san girman aikin, ga yadda nake jera shi. Ƙofa ce ma'auninka, saboda haka da ita ake farawa. Ka sauya fil da bushin na hinji har ƙofa ta daina lilo, ka daidaita ta da tsohon gefen baya da dokin ƙofa tun suna wurinsu na asali, tazarar ta zama kamar milimita 4 zuwa 5 daga sama har ƙasa. Daga nan kada ka ƙara kwance ta. Ka auna bakin ƙofa, bakin but da ramin gilashin baya, har da awon kusurwa zuwa kusurwa, ka rubuta, ka ɗauki hoto. Ka ɗora motar a kan jak masu tsayawa, a daɓe mai daidaito, sannan ka yi waldar sandunan ƙarfe masu kusurwa huɗu a cikin bodin, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi da kuma gicciye, don kada ta motsa in ka fara yanka. Aiki daga ciki yake fitowa waje: kawul da sandunan shasi da dokin ƙofa da daɓe, sai rumfar taya da aljihun but, sannan gefen baya. Kuma ɓangare ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, domin wanda ba a yanke ba shi ne abin dubawarka.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Masu sayar da kaya suna da ƙarfen gefen baya iri uku. Akwai ƙaramin faci na leɓen taya ko na ƙasan bayan taya. Akwai fatar waje kaɗai, wadda ta rufe yawancin gefen amma ba ta kai ga rufi da bakin but ba. Akwai kuma cikakken gefe, wanda ya tashi daga bakin ƙofa ya kai fitilar baya, ya haura har inda ya haɗu da rufi. Ra'ayina, kuma ina tsaye a kansa: duk ƙarfen Ford da yake da lafiya a bar shi a motar. Ƙarfen da ake bugawa yanzu ya yi kyau ƙwarai in aka kwatanta da na da, kamfanoni irin su Dynacorn da Auto Metal Direct sun sauƙaƙa wa mutane, har ma Dynacorn tana yin bodin Mustang sukutum da izinin Ford. Duk da haka ban taɓa ɗora sabon gefe ya zauna ba tare da an yi masa dabara ba. Layinsa yakan fi na asali laushi, lanƙwasar bakin ƙofa takan saɓa da ɗan kaɗan, wani lokaci sai an tsaga an ƙara ko an rage. Idan ka kankare fentin gefen duka ka tarar tsatsar ta tsaya a leɓen taya da ƙasan baya, sama kuwa ƙarfe ne sumul, faci ya wadatar, kuma motar 390 ta asali ta fi daraja da ƙarfenta na asali. Idan kuwa ka tarar da tsohon haɗari, fila mai kauri, ramukan da aka ja lotsawa da su, ko tsatsa a bakin gilashin baya, to cikakken gefe ya fi. Zai ba ka mamaki in na ce cikakken gefe ya fi fatar waje sauƙin samun kyau. Dalili shi ne cikakken yana haɗuwa ne a inda masana'anta ta haɗa nata, fatar waje kuwa tana tilasta maka jan walda mai tsawon fiye da mita a fili, inda kowane ɗan kuskure zai fito a fenti. Wajen saye ka tabbatar na 1967 ne kuma na irin rufin motarka. Na 1968 ya yi kama da shi sosai, amma adon gefensa daban ne, kuma yana da wurin alamar gefe ta baya wadda ta 1967 ba ta da ita.

Kafin wuta ta kusanci bayan motar, ka cire tankin mai. A Mustang ta waɗannan shekaru saman tankin shi ne daɓen but ɗin kansa, babu wani ƙarfe a tsakani. Ka cire shi ka kai shi waje nesa, ka cire bututun mai da batir, ka kankare baƙin kwaltan da aka fesa a ƙasan mota domin yana kamawa da wuta, ka ajiye abin kashe gobara kusa da hannunka.

Wajen cire cikakken gefe, a ginshiƙin baya inda rufi ya haɗu da shi za ka tarar masana'anta ta cike haɗin da dalma. Kada ka sa mata injin gogewa. Ƙurar dalma guba ce, tana bin tufafi ta shiga gida ta sami yara, kuma wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani. Ana ɗumama ta ne da ƙaramar wuta a wuri mai iska, da takunkumi na gaske mai matata, a share ta da burushin waya ta zuba a kwano. Sannan ka bi ɗigon waldar masana'anta ɗaya bayan ɗaya. In ka goge leɓen da burushi za ka ga ƙananan lotsattsun da'irori. Akwai bakin dirila na musamman da yake yanke kewayen ɗigon ya bar ƙarfen ƙasa lafiya. Ka huda na sama kaɗai, ka raba su da siririn cizal a hankali. Leɓen da ke ƙasa shi ne zai karɓi sabon gefe, in ka yayyaga shi ka ƙara wa kanka aiki. Idan gefen ya fita, cikin motar ya buɗe maka yadda ba zai ƙara buɗewa ba. A lokacin ake gyara rumfar taya, a wanke tsatsar lungu, a shafa fentin farko na efoksi.

Sabon ƙarfe yakan zo da baƙin rufi. Ka goga masa tsumma da tina. In bai fita ba rufi ne mai kyau, sanfefa kawai yake so. In ya biyo tsumman, ka cire shi duka.

Kada ka yi ɗigon walda ko ɗaya sai komai ya zauna. Ka riƙe gefen da filaya mai kullewa da ƙananan sukurori, ka rufe ƙofa, ka ɗora murfin but, ka gwada ƙarfen kusurwar baya da bamba da adon gilashi. Ka ja da baya ka dubi layin da ya taso daga ƙofa ya bi gefen. Za ka cire ka mayar har ka gaji, kuma haka aikin yake. Nan ne ake gane aikin gwani, ba a wajen waldar ba.

Ita waldar, ƙarfen waje na waɗannan motoci kaurinsa kusan milimita ɗaya ne. Waldar lantarki ta sanda, irin wadda ake yin ƙofar gida da ita, huda shi za ta yi. Waldar kabaid da iyayen gidanmu suka ƙware a kai tana iya yi, kuma na ga hannuwa a Panteka ta Kaduna da suke haɗa siririn ƙarfe da ita kamar ɗinki, amma zafinta yana yaɗuwa, tana son gwanin guduma a bayanta. Ga mai koyo injin walda na MIG, mai tura siririyar waya da kansa, ya fi, da waya mai kaurin milimita 0.6 da iskar gas mai kashi 75 na agon da kashi 25 na kabon dayoksaid. Waya mai hoda a ciki wadda ba ta bukatar gas ta yi wa wannan aiki zafi da yawa. Inda masana'anta ta yi ɗigo, kai za ka huda rami na milimita 8 a sabon ƙarfen, da tazara irin ta asali, ka shafa fentin zinki mai jure walda a tsakanin leɓunan biyu, ka matse su sosai, ka fara wutar daga ƙarfen ƙasa a tsakiyar ramin sannan ka zagaya ka cike shi.

Idan faci ne, ka haɗa shi baki da baki, kada ka ɗora wani a kan wani. Ɗorawa ta fi sauƙi, amma tana barin aljihu a baya inda danshi zai zauna, kuma in rana ta bugi fenti mai duhu layin yakan nuna kansa. Ka zagaye kusurwoyin facin, ka yanka kusa da layin bodi in da hali, domin lanƙwasa tana hana ƙarfe karkacewa, kuma ka zaɓi wurin da hannunka zai kai ta baya. Ba a jan walda a irin wannan ƙarfe. Ɗigo ake yi nan, a tsallake tazarar tafin hannu a yi wani, a koma can ƙarshe, a jira har ka iya ɗora hannu a wurin. Kowane ɗigo in ya huce yana tsukewa ya janyo ƙarfen da ke kewaye. Za ka ga tazarar da ka bari tana rufewa, gefen yana ɗan lotsawa ciki. Sai ka goge kan ɗigon kaɗan, ka sa ƙaramar maƙerar hannu ta baya, ka buga da guduma daidai kansa. Ƙarar tana canjawa ta zama tsaf in guduma ta sami maƙera, ƙarfen ya saki ya dawo wurinsa. Haka za ka yi ta cike tsakanin ɗigo da ɗigo har layin ya haɗe. Gogewa ma tana kawo zafi, in ka ga ƙarfe ya fara shuɗi ka tsaya. In ka gama ka haska tocila ta baya a cikin duhu, duk ƙaramin hujin da haske ya ɓullo ta ciki ka cike shi, domin ta nan danshi zai sami fila. Kuma kada ka taɓa wanke wurin walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, zafin walda yana mai da shi iskar fosjin mai kisa.

Fila yana da wurinsa, amma ɗan siriri ne na gyara fuska a kan ƙarfen da ya riga ya miƙe, kada ya wuce milimita 3 a ko'ina. Kafin shi da bayansa efoksi, a kowane haɗi a shafa abin toshe haɗi, bayan fenti kuma a fesa kakin hana tsatsa cikin dokin ƙofa da sandunan shasi da bayan leɓen taya, a tabbatar ramukan fitar ruwa a buɗe suke. Bayan layin walda shi ne wurin da ya fi saurin tsatsa a duk motar, domin wuta ta ƙone duk abin da ke kare shi.

Abu ɗaya kuma da ya shafi doka. Lambar shaidar Mustang ta 1967 an buga ta ne a ƙarfen cikin ɗakin inji, saman bangon madigadi. Idan tsatsa ta kai wurin, kada ka yanke ka yar, kada kuma ka ɗauke lambar ka liƙa a wani ƙarfe da kanka. Taɓa lambar mota laifi ne a dokar tarayyar Amurka, sai ka fara tuntuɓar ofishin rajistar motoci na jiharka.

Ko za ka iya da kanka? Facin daɓe da aljihun but da ƙasan gefen baya, mai haƙuri zai iya, in ya fara koyo a kan tsohuwar ƙofa daga bola har ya daina hudawa. Ka fara da daɓe, inda kafet zai rufe hannunka na farko. Amma idan gwajin ruwa da sukundireba suka nuna kawul da sandunan shasi sun tafi, ka kai wa garejin da ke da teburin awo na daidaita bodi su yi maka wannan ɓangaren. Ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa za ka ga ƙarfen tsirara, ciki da waje, kafin a shafa masa fila ko fentin farko, kuma biyan kuɗin ya zama mataki-mataki bayan kowane dubawa.